Haɗa mai daga hasken rana da iskar kabon: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka ji wata jami'a ko wani kamfani ya haɗa mai daga iska, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne, ko daga ɗalibai suka fito, ko injiniyoyi, ko masu bibiyar batun sauyin yanayi. Ga su nan an tattara, daga na tushe zuwa masu zurfi.

Da gaske ne ana iya yin mai daga iska da hasken rana?

Da gaske ne. Fetur da dizal da kananzir, dukkansu sinadarai biyu ne suka haɗu suka yi su, kabon da haidurojin. Idan aka ƙona mai, kabon ɗin yakan haɗe da oksijin ya zama iskar kabon dayokzaid, wadda ake taƙaita sunanta CO2, haidurojin kuma ya zama tururin ruwa. Abin da masu wannan fanni ke yi shi ne mayar da aikin baya. Su ɗauko CO2 da ruwa, su raba su da oksijin ɗin da ƙarfin rana, sannan su sake haɗa kabon da haidurojin su zama metanol (wani ruwa mai cin wuta, ɗan'uwan barasa), ko iskar mitan (babban sinadarin iskar gas), ko kananzir ɗin jirgin sama, ko fetur.

Koren ganye kullum wannan aikin yake yi, yana haɗa sukari daga iska da ruwa da haske. Man da ake haƙowa daga ƙasa ma hasken rana ne da ƙananan halittun teku suka adana shekaru miliyoyi da suka wuce. Tun a 1912 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giacomo Ciamician, ya yi lacca a birnin New York yana cewa wata rana ɗan Adam zai koyi wannan dabara ta tsirrai ya daina dogaro da kwal.

To me ya hana a yi ta yin sa tuntuni?

Makamashi. CO2 tamkar toka ce, abin da ya rage bayan wuta ta gama cin rabonta. Duk wanda zai mayar da toka itace, sai ya biya duk zafin da wutar ta fitar, ya kuma ƙara da na asarar hanya. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan kilowat-awa 9 (ma'aunin da ake auna wutar lantarki da shi), kuma idan ta ƙone takan bar kusan kilo 2.3 na CO2. Kafin wannan iskar ta koma fetur dole a zuba mata aƙalla kilowat-awa 9 ɗin nan, a aikace kuwa abin kan kai ninki biyu ko ya wuce. Babu wata dabara da za ta kauce wa wannan, doka ce ta halitta.

Don haka man da aka haɗa ta wannan hanya ma'ajiya ce kawai ta makamashin rana, mai sauƙin ɗauka da adanawa. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga wannan gaskiyar suka samo tushe, musamman batun tsada da batun batir.

Ta waɗanne hanyoyi ake yin aikin?

Manyan hanyoyin uku ne. Ta farko, a mayar da hasken lantarki da allunan sola, a raba ruwa da lantarkin a samu haidurojin, sannan a haɗa shi da CO2 a masana'anta. Ta biyu, a tara zafin rana da madubai a yi aikin da zafi kai tsaye. Ta uku, a ƙera wani abu da haske na faɗa masa yana yin aikin gaba ɗaya a wuri guda, shi ne ake kira ganyen roba. Ta farkon ce kaɗai ta kai ga sayar da mai da yawa a yau. Kowace tana da tambayarta a ƙasa.

Yaya hanyar lantarki take aiki?

Ana zura lantarki cikin ruwa ta na'urar da ke raba shi, haidurojin ya fita ta ɓangare ɗaya, oksijin ta ɗayan. Kilo ɗaya na haidurojin yakan ci lantarki kilowat-awa 50 zuwa 55. Nan ne mafi yawan makamashin ke tafiya. Daga nan sai a tura haidurojin da CO2 cikin tukunya mai zafi da matsi, a bi da su ta kan wani sinadari da ke hanzarta haɗuwarsu ba tare da shi kansa ya ƙare ba, wanda masana ke kira katalis. Irin katalis ɗin ne ke yanke abin da zai fito. Nikel yakan ba da iskar mitan, jan ƙarfe da zinki su ba da metanol. Tan ɗaya na metanol yana buƙatar kusan tan 1.4 na CO2, da kilo 190 na haidurojin, da lantarkin da ya kai megawat-awa 10, wato kilowat-awa dubu goma.

Abin sha'awa shi ne wannan sashe na biyu, wato haɗawar da ake yi a cikin tukunya, tsohon ilimi ne. Paul Sabatier da Jean-Baptiste Senderens sun fara aikinsu da nikel a Faransa a 1897, kuma Sabatier ya samu kyautar Nobel a 1912. Dabararsa aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2010, inda aka riƙa haɗa CO2 ɗin numfashin 'yan sama-jannati da haidurojin don a kwato ruwa. A 1925 kuma Franz Fischer da Hans Tropsch a Jamus suka gano yadda ake haɗa mai na ruwa daga gaurayen haidurojin da iskar kabon monokzaid, wato 'yar'uwar CO2 mai oksijin ɗaya maimakon biyu. Jamus ta yi amfani da dabarar a yaƙin duniya na biyu, kamfanin Sasol kuma yana aiki da ita a Afirka ta Kudu tun 1955. Su daga kwal suke samo gaurayen. Sabon abu a yau shi ne samo shi daga CO2 da ruwa.

Ita kuma hanyar zafin rana fa?

Wannan ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau. A garin Móstoles kusa da Madrid a Sifaniya, an jera madubai 169 a fili, kowanne yana juyawa yana bin rana, dukkansu suna harba haskensu wuri ɗaya a saman wata hasumiya mai tsawon mita 15. A can sama akwai tukunya mai tagar gilashi. Hasken da ke shiga tagar ya ninka na rana tsaka kusan sau 2,500. Cikin tukunyar an jera wani farin yumɓu mai huji-huji da aka yi da sinadarin seriya. Idan zafi ya kai digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos, seriyar takan saki wani ɓangare na oksijin ɗin jikinta, a zuƙe shi waje. Sai a kawar da hasken, a bar tukunyar ta ɗan huce, a busa mata tururin ruwa da CO2. Seriyar da ta rasa oksijin sai ta fizgo shi daga jikinsu, ta bar haidurojin da kabon monokzaid. Wannan gaurayen ne ake gangarowa da shi ƙasan hasumiyar a haɗa kananzir da dabarar Fischer da Tropsch. Seriyar ba ta ƙarewa, haka za ta yi ta saki tana kamawa.

Ayarin Farfesa Aldo Steinfeld na jami'ar ETH da ke Zurich a Suwizaland ne suka jagoranci wannan aiki, kuma a 2022 suka ba da rahoton cewa kashi 4.1 cikin ɗari na hasken da ya shiga tukunyar ne ya zama makamashin gaurayen. Kafin nan sun kafa ƙaramin samfuri a kan rufin jami'arsu a 2019, wanda yake tsotso CO2 da ruwan daga iska da kansa. Abin da yake bayarwa a yinin aiki na awa bakwai shi ne mililita 32 na metanol. Bai cika ƙaramin kofi ba, amma ya nuna cewa sarkar gaba ɗaya tana aiki a waje, ƙarƙashin rana ta gaske. Babbar asarar wannan hanya ita ce zafin da ke tserewa duk lokacin da aka huce tukunyar, kuma kwato shi ne ake ta fafutuka a kai.

Mene ne ganyen roba?

Wani siririn allo ne da ake tsomawa cikin ruwa a sa shi a rana, ya yi aikin ba tare da waya ko wata na'ura ba. Tushensa ya koma 1972, lokacin da Akira Fujishima da Kenichi Honda a Japan suka nuna cewa haske na iya raba ruwa idan ya faɗa kan sinadarin titaniyam dayokzaid. A 2011 Daniel Nocera a Amurka ya nuna wani ɗan allon silikon da bai wuce tafin hannu ba, an shafe fuskokinsa biyu da katalis daban-daban. Idan aka jefa shi cikin kofin ruwa aka haska shi, sai ka ga ƙananan kumfa suna tasowa, oksijin ta gaba, haidurojin ta baya. A 2022 ayarin Erwin Reisner na jami'ar Cambridge suka ƙera wasu marasa nauyi har suna yawo a saman ruwa, suka gwada su a kogin Cam.

Kyan wannan hanya shi ne sauƙin ginin, amma da sauran rina a kaba. Yawancin samfuran da aka fitar waje ba sa kama ko kashi 1 cikin ɗari na hasken. Gwaji mafi girma na raba ruwa da irin waɗannan alluna, wanda ayarin Kazunari Domen suka yi a Japan a fili mai murabba'in mita 100, ya tsaya a kashi 0.76. Ga kuma matsalar daɗewa. Sinadaran da suka fi kama haske su ne suka fi saurin lalacewa a ruwa, alhali allon sola na yau da kullum yakan yi shekara 25 yana aiki.

Me ya sa ake yawan ambaton jan ƙarfe da ƙwayoyin bakteriya?

Jan ƙarfe dai, saboda ana neman a tsallake matakin haidurojin ne, a sa lantarki ya taɓa CO2 kai tsaye. A 1985 Yoshio Hori a Japan ya gwada ƙarafa da dama ya gano cewa azurfa da zinariya kabon monokzaid suke bayarwa, jan ƙarfe kuwa shi kaɗai ke iya kai wa ga mitan da etilin, wato abin da ake yin roba da shi. Matsalarsa ba ya zaɓe, yakan zubo kayayyaki fiye da goma a gauraye, kuma raba su aiki ne mai cin makamashi. Shekara arba'in ke nan ana neman yadda za a sa shi ya tsaya kan abu ɗaya.

Bakteriya kuwa gwanayen zaɓe ne. A 2016 Nocera da Pamela Silver a Harvard suka ciyar da wasu bakteriya da haidurojin ɗin da aka raba da lantarkin sola, su kuma suka kama CO2 suka gina jikinsu da shi da inganci kusan kashi 10 cikin ɗari, wanda ya ninka na yawancin tsirrai sau goma. Sai dai halitta mai rai tana aiki a hankali, tana kuma son kulawa.

Daga ina ake samo CO2 ɗin?

Wannan tambaya ta fi yadda ake zato muhimmanci. Duk da cewa CO2 ta yi yawa har tana ɗumama duniya, a cikin iska kaɗan ce ƙwarai. Kashi 420 da ɗoriya ne cikin miliyan, daga kusan 280 kafin zamanin masana'antu. Don a samu tan ɗaya sai an tace iskar da ta haura mita kubik miliyan ɗaya. Ana yin hakan da manyan fankoki da ke tura iska ta cikin matata mai kama CO2, sannan a ɗumama matatar ta sake ta. Kamfanin Climeworks ya buɗe irin wannan tasha mai suna Orca a Aislan a 2021, wadda aka tsara ta kama tan 4,000 a shekara, ko da yake ita binne iskar ake yi a cikin duwatsu, ba mai ake yi da ita ba. A gwada wannan da tan biliyan 37 da ƙona mai da kwal da gas ke fitarwa duk shekara.

Mafi araha shi ne a kama ta inda take da kauri, kamar hayaƙin masana'antar siminti, ko wurin da ake ruɓar da shara da kashin dabbobi don samun gas, ko inda ake haɗa etanol daga amfanin gona. Amma asalin iskar yana da tasiri a kan lissafin yanayi, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana.

Shin wannan mai yana rage CO2 da ke sama?

A'a, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Idan aka ƙona man, CO2 ɗin da aka kama takan koma sama gaba ɗayanta. Iyakar abin da za a samu shi ne kada a ƙara. Hakan ma sai an cika sharuɗɗa biyu. Na farko, iskar ta fito daga sama ko daga tsirrai, domin ita ce ke zagayawa ta dawo inda ta fito. Idan daga hayaƙin tashar kwal aka kamo ta, kabon ɗin da ke binne a ƙasa ne dai ya ƙare a sama, sai dai an more shi sau biyu kafin ya tafi. An rage ɓarna, amma ba a kawar da ita ba.

Na biyu, lantarkin ya zama mai tsabta da gaske. Tun da aikin yana cin makamashi ninki biyu na abin da man ke ɗauke da shi, duk wanda ya haɗa shi da lantarkin kwal ya fitar da hayaƙin da ya fi na fetur ɗin da yake son maye gurbinsa. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Me ya sa ba za a zuba lantarkin sola a batir kawai ba?

A inda batir zai iya, shi ya kamata a yi amfani da shi, ba na shakka a kan wannan. Motar lantarki takan kai kusan kashi 70 ko fiye na lantarkin da aka ba ta zuwa ƙafafunta. Idan aka bi da lantarkin ta haidurojin, aka haɗa fetur, aka ƙona shi a inji, abin da ke isa ƙafafun bai kai kashi 20 ba. Wato allunan solar da za su tuƙa motocin lantarki huɗu ko biyar, mota ɗaya za su tuƙa ta hanyar man da aka haɗa.

Amma akwai wuraren da batir ba ya kaiwa. Kilo ɗaya na kananzir yana ɗauke da kusan kilowat-awa 12, kilo ɗaya na batirin litiyam kuwa kusan kwata na kilowat-awa ɗaya. Jirgin saman da zai ratsa teku ba zai iya tashi da nauyin batirin da yake buƙata ba. Haka manyan jiragen ruwan dakon kaya da ke yin makonni ba su ga gaɓa ba. Ga kuma masana'antun roba da magunguna da fenti, waɗanda kabon ɗin kansa suke so a matsayin kayan aiki. Jiragen sama suna fitar da kusan kashi 2.5 na CO2 ɗin duniya, jiragen ruwa ma kusan haka ko sama kaɗan. A waɗannan wurare ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, kuma a ganina ɓarna ce a karkatar da ɗan abin da ake samu zuwa ƙananan motoci.

Za a iya zuba shi a injinan da ake da su yanzu?

Ya danganta da irin man. Fetur da dizal da kananzir da aka haɗa kusan ɗaya suke da na rijiya, har sun fi tsabta tun da babu farar wuta a cikinsu. Ƙa'idar jiragen sama ta yarda a gauraya kananzir ɗin Fischer da Tropsch da na gargajiya har zuwa rabi da rabi. A farkon 2021 wani jirgin fasinja na KLM ya tashi daga Amsterdam zuwa Madrid da lita 500 na irin wannan kananzir a gauraye cikin tankinsa.

Metanol daban ne. Lita ɗayansa kusan rabin makamashin litar fetur take da shi, yana cin wasu robobi da ƙarafa, don haka sai injin da aka ƙera dominsa. Kamfanin Maersk ya fara aiki da jirgin dakon kwantena mai amfani da shi a 2023. Guba ne kuma, shan kaɗan daga cikinsa yana makantarwa, yana kisa.

Akwai masana'antun da ke aiki a yanzu?

Akwai, sai dai ba duka ne da rana suke aiki ba. A Aislan an buɗe masana'antar metanol mai suna George Olah a 2012, wadda ta kai tan 4,000 a shekara, da lantarkin zafin ƙarƙashin ƙasa. Haru Oni da ke Punta Arenas a kudancin Chile ta fara ba da fetur a ƙarshen 2022, da ƙarfin iska. Masu aiki da rana sun haɗa da gwajin da ayarin Li Can suka yi a Lanzhou ta ƙasar Sin a 2020, mai tan 1,000 na metanol a shekara, da kuma masana'antar Kassø a Denmak da aka buɗe a 2025 kusa da wata katafariyar gonar sola, wadda aka tsara ta ba da tan 42,000. A ɓangaren zafin rana, kamfanin Synhelion da ya fito daga ETH ya buɗe tashar DAWN a Jülich ta Jamus a 2024, amma ita tana haɗawa da gas ɗin da aka samo daga ruɓaɓɓiyar shara.

Idan aka tara su duka ba su kai abin da matsakaiciyar matatar mai guda ɗaya ke tacewa ba.

Me ya sa yake da tsada, kuma wa zai saya?

Yana ninka farashin man gargajiya sau da dama. Lantarki ne kaso mafi girma na kuɗin, sai na'urorin raba ruwa, sai CO2 ɗin idan daga sama aka kamo ta. Wanda zai saya a yanzu shi ne wanda doka ta tilasta wa. Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga 2030 wani ƙaramin kaso na man da ake ba jiragen sama a filayenta, kusan kashi 1.2, ya zama wanda aka haɗa da lantarki mai tsabta, ya kuma kai kashi 35 a 2050. Irin wannan doka ce ke ba mai zuba jari tabbacin cewa idan ya gina masana'anta zai samu mai saye. Farashin allunan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma wannan faɗuwar ce ta sa maganar ta tashi daga ɗakin gwaji ta shiga kasuwa.

Idan dare ya yi ko hadari ya rufe rana fa?

Na'urar raba ruwa tana iya bin rana, ta ƙara ta rage. Tukunyar haɗa mai kuwa ba ta son a riƙa kunna ta ana kashewa, kuma kayan da aka kashe kuɗi mai yawa a kansu idan suna aiki rubu'in yini kawai, tsadar man sai ta ƙaru. Maganin da ake yi shi ne a adana haidurojin a tankuna da rana a yi amfani da shi da dare, ko a haɗa rana da iska, ko a jawo lantarki daga babban layi. Masu hanyar madubai kuma zafin suke adanawa a cikin tubalan yumɓu.

Ruwa da fili nawa aikin ke ci?

Ruwan bai kai yadda ake tsoro ba. Kilo ɗaya na haidurojin yana buƙatar lita 9 na tataccen ruwa a lissafin sinadarai, kuma wajen haɗa metanol kashi ɗaya cikin uku na ruwan yakan dawo. Wanke alluna da sanyaya na'urori suna ƙara wa lissafin, kuma wuraren da suka fi rana su ne suka fi ƙarancin ruwa, shi ya sa ake yawan duba bakin teku. Cire gishiri daga ruwan teku ɗan ƙaramin kaso ne na makamashin aikin.

Fili kuwa ana buƙatarsa da yawa, amma bai kama ƙafar abin da noman mai ke ci ba. Allon sola yana kama kusan kashi 20 na haske, kuma bayan asarar hanya kusan kashi 10 ne ke zama mai. Gonar masara ko rake da ake mayarwa etanol ba ta kai kashi 1 ba, ga shi tana cin ƙasar da za a noma abinci. Alluna da madubai kuwa a busasshiyar ƙasar da ba ta tsiro ma suna aiki.

Idan na ga labarin wani sabon bincike, me zan duba?

Duba kashi nawa na hasken ya zama mai, ka kuma tabbatar ko hasken rana ne na gaske ko fitilar ɗakin gwaji. Duba awa nawa abin ya yi yana aiki kafin ya fara rauni, domin tsakanin awa goma da shekara goma akwai tafiya mai nisa. Duba girmansa, santimita ɗaya ne ko mita ɗari. Duba daga ina CO2 ta fito, daga silindar da aka sayo ko daga iska, kamar yadda aka yi bayani a tambayar asalin iskar. Sannan a binciken da abin da ya fito kaɗan ne ƙwarai, nemi ko an yi gwaji da CO2 mai alamar kabon-13, wato wani nau'in kabon mai ɗan nauyi da ake iya bin sawunsa. Wannan gwajin ne ke tabbatar da cewa kabon ɗin da ke cikin man daga iskar ya fito, ba daga dattin da ya maƙale a jikin katalis ɗin ba.